Aiki a unguwa mai zafi da hannu kaɗan: me ya riƙe ku, me ya karya muku gwiwa?

Sufeto Mai Riƙo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku ke nan da aka ba ni riƙon wani ofishin 'yan sanda a unguwar da kowa ke gudu. A takarda mutum 41 ne a ƙarƙashina, amma da na tsayar da fareti ranar farko, 23 na ƙirga. Wasu an kwashe su gadin manya, wasu suna kwas, biyu na jinya. Jiya wani kofur da nake ji da shi ya ajiye mini takardar neman canjin wurin aiki, ta huɗu ke nan a watan nan. Na ce masa me na yi maka? Ya ce, "Yallaɓai, ba kai ba ne, gajiya na yi." Tun jiya maganar take cina. Duk wanda ya taɓa aiki a irin wannan wuri, ko yake zaune da mai yi, don Allah ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Tsohon Sajan:
Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Shekara 31 na yi cikin kaki, tara daga ciki a unguwa irin taka. Shugabanni biyu ba zan manta da su ba, kuma da yawan ma'aikata ɗaya suka riƙe mu.

Na farko ta waya yake mulki. Sai ƙarfe ɗayan dare ya bugo ya ce ku shiga lungu kaza ku kamo wane, ya kashe waya ya koma barci. Wata rana muka shiga, aka yi mana ruwan duwatsu, wani yaronmu ya karye a hannu. Da gari ya waye aka kira shi daga sama, sai ya ce shi bai ba da umarni ba. A gabanmu ya faɗa, ko idonsa bai ƙifta ba. Daga ranar kowa ya koyi aikin ceton kai. A kira mu ana faɗa, sai mu bi doguwar hanya, mu isa bayan ƙura ta lafa. Ina jin kunyar faɗin wannan har yau, domin akwai waɗanda suka cutu saboda jinkirinmu.

Na biyu bai ƙaro mana mutum ko ɗaya ba. Abin da ya fara yi ƙarami ne: ya ɗauki rula da biro ya ja layi a farar takarda, ya rubuta jadawalin aiki na mako biyu, ya manna a bango kusa da kantar ofis. Ka san ranar hutunka tun kafin ta zo, kuma ba a taɓa ta sai in gari ya ƙone. In ya taɓa maka ita, da kansa zai same ka ya ce na ci bashinka, kuma yana biya. Sannan duk daren da muka san yakan yi zafi, za ka gan shi a gaban mota da tocilansa. Ranar da aka sari wani kofur a kafaɗa, shi ya danne ciwon da rigarsa har asibiti, shi ya yi ta zirga-zirga da takardun kuɗin jinya. A shekara biyun da ya yi, ban ga wanda ya nemi barin wurin ba.

'Yar Sanda Mai Igiya Biyu:
Baba Sajan, Allah ya saka da alheri. Ni abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mayar da irin waɗannan ofisoshi gidan horo. Ka yi laifi a wani wuri, a ce za a tura ka can ka dandana. To wanda aka kawo a matsayin hukunci, da wace zuciya zai yi wa mutanen unguwa aiki? Sauran gurbin kuma sai a cike da kurata. Ni wata biyar da fitowa daga makarantar horo aka kai ni, wanda ya fi kowa daɗewa a rukuninmu na dare shekararsa biyu. Mun je raba rikicin miji da mata, babu wanda ya san yadda ake kwantar da mutumin da ya riƙe wuƙa, duk muka hau yi masa tsawa lokaci ɗaya. Allah ne ya kiyaye. Irin wannan ya faru har a Ingila da Wales: an rage 'yan sanda kusan 20,000 bayan 2010, aka dawo a 2019 aka ce za a ɗauki sabbi 20,000, aka cika adadin a 2023. Lissafi ya dawo, amma tsofaffin hannun da suka tafi da gogewarsu ba su dawo ba.

Maman Yara:
Ni matar ɗan sanda ce. Yallaɓai Sufeto, in kofur ɗinka ya ce ya gaji, ka yarda da shi. Maigidana ya taɓa yin kwana uku bai kwana gida ba. Da ya shigo, ya zauna bakin gado zai kwance igiyar takalmi, ƙafa ɗaya kawai ya cire barci ya sace shi a zaune. Ƙaramar 'yarmu ta zo da littafinta za ta nuna masa, na janye ta. Mutumin da ba ya ɗaga murya ya koma mai faɗa a kan cokali. Sai da aka canja masa wuri na sake gane mijina.

Malamin Makarantar Horo:
Hajiya, abin da kika gani an auna shi. A 1997 wasu masu bincike a Ostireliya, Dawson da Reid, sun nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, saurin hankalinsa da na hannunsa yana faɗuwa daidai da na wanda giya ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa. Mu kuwa irin wannan mutumin muke danƙa wa bindiga da sitiyari.

Ranka ya daɗe Sufeto, kafin a dawo da ni koyarwa na riƙe ofishi mai ƙarancin mutane kamar naka. Kuskurena na farko shi ne ƙoƙarin rufe ko'ina. Motarmu ɗaya tana ta zagaye har asuba, mai na ƙarewa, yara na galabaita, sata ba ta ragu ba. Tun 1972 zuwa 1973 aka gwada wannan a Kansas City ta Amurka: aka ƙara sintirin mota na yawo a wasu yankuna, aka janye shi a wasu, ba a ga wani bambancin kirki a yawan laifi ba. Daga baya Lawrence Sherman da abokan aikinsa suka bi kiran gaggawa na shekara guda a Minneapolis, suka wallafa a 1989 cewa rabin kiran daga kashi 3 cikin ɗari na wurare yake fitowa. Da na karanta haka sai na ɗauko littafin kanta, inda ake rubuta rahotannin da aka kawo ofis, na wata shida, na zauna da sajan-sajan ɗina muna saka ɗigo a taswira. Unguwar da ake kira mai zafi gaba ɗayanta, ashe mahaɗa biyu ce da wani kango da bayan wata tasha. Muka koma tsayuwa a waɗannan wuraren da ƙafa, kamar minti 15, mu tafi, mu dawo lokacin da ba a zata ba. Wannan adadin ma daga binciken Christopher Koper na 1995 na samo shi. Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda yaran suka farfaɗo. Mutum in ya ga aikinsa na haifar da ɗa mai ido, gajiyarsa daban ce.

Kofur Na Dare:
Malam, da girmamawa, kada dabara ta zama hujjar da manya za su fake da ita su ƙi ƙaro mutane. Na taɓa kwana ni kaɗai a kanta, da mutum bakwai a sel, wata mata ta shigo da jini a goshi tana cewa suna nan suna dukan ɗanta. In na fita na bar ofis, in na zauna na bar yaro. Na yi ta kiran motar sintiri, tana can wani rikicin. Babu taswirar da za ta raba ni biyu a wannan daren.

Malamin Makarantar Horo:
Gaskiyarka, ƙanena. Ban musa ba ko kaɗan.

Dattijon Unguwa:
Ni ba ɗan sanda ba ne, a irin unguwar da kuke magana na tsufa. Ku sani muna gane wanda ya zo da zuciyarsa da wanda aka jefo. Akwai wani sajan da ya yi shekara huɗu a wurinmu, ya san yaran da sunan iyayensu. In za a yi faɗan daba, tun la'asar wata uwa za ta aika masa a ɓoye, domin ta san ba zai tona ta ba, kuma ba zai karya mata ɗa ba. Da aka ɗauke shi, cikin shekara ɗaya an kawo mana uku. Wa za ka ba sirrinka, alhali wata mai zuwa ba ya nan? Sai muka yi shiru, su kuma suka ce ba ma ba da haɗin kai.

Sufeto Mai Riƙo:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba Sajan, na ja layin jadawalin da daren nan, gobe zan manna. Na kuma rubuta wa na sama da ni sunayen mutum 18 da babu su a ƙasa, da inda kowane yake, na roƙi a dawo mini ko da shida, na haɗa da lissafin dararen da mutum ɗaya ya kwana a kanta. Kofur ɗin nan na ba shi hutun kwana huɗu, na ce takardarsa tana aljihun teburina, in ya dawo yana nan a kan bakansa zan sa mata hannu ba tare da ɓacin rai ba. Malam, littafin kantarmu shafuka da yawa babu sunan layi, sai dai a rubuta "cikin unguwa". Ta ina kuka fara da naku?