Muhawara: Hoton Waya Ya Isa, Ko Sai An Tsayar da Mutum a Gaba?

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a. Autarmu tana aji biyu a sashen zane-zane. Malaminsu ya ce duk wanda ya kwafo mutum daga hoton waya bai yi aiki ba, dole a tsayar da mutum a tsakiyar aji a zana shi ido da ido. Ni dai ban gamsu ba. Hoto ba ya motsi, ba ya gajiya, ba a biyansa ko sisi. Mene ne na wahalar da yara?

Auta: Yaya, wallahi da haka na ɗauka ni ma. Ranar farko wani dattijo aka kawo mana, da 'yar shararsa da wando, ya tsaya ya dogara sanda. Aka ce mu miƙe hannu da fensir, mu rufe ido ɗaya, mu auna tsawon kansa da babban yatsa, sannan mu ga kai nawa ne daga tsakar ka zuwa diddige. A littafi an ce bakwai da rabi ne ga babban mutum. Shi ko bakwai bai cika ba, don bayansa ya ranƙwafa. Da na gama sai na ga mutumin da na zana kamar zai faɗi. Malam bai ce min komai ba, ya karɓi gawayin ya sauko da layi ɗaya daga ramin wuya har ƙasa. A jikin dattijon layin yana sauka ne kan idon sahun ƙafar da ta ɗauki nauyi. A takardata kuwa fili ya sauka. Sai a lokacin na lura ƙugunsa ya ɗaga ta wannan ɓangaren, kafaɗar kuma ta yi ƙasa. Shekara uku ina kwafar hotuna, ban taɓa ganin wannan ba.

Baban Ummi: To ai a hoto ma za ki gani in kin duba da kyau.

Auta: Hoto ya riga ya shafe komai ya yi bai ɗaya, Yaya. Kuma kyamarar waya tana kumbura abin da ya fi kusa da ita, hannu ya fi kai girma, ka kwafa ba ka sani ba. Ga mutum a gabanka, za ka iya matsawa gefe ka ga inda haƙarƙari ya juya. Akwai ma zanen daƙiƙa talatin da ake sa mu yi da safe, kafin ka ƙirga yatsu ya sauya tsayuwa. Dole idonka ya kama nauyi da motsi ya bar kwalliya.

Malam Mai Allo: Ku yi haƙuri, kun tsallake tushe kun kama reshe. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim kan azabar masu suranta abu mai rai. Wani mutum ya gaya wa Ibn Abbas cewa da wannan sana'ar yake ci, ya ce masa in ya zama dole to ya yi bishiya da abin da ba shi da rai. Auta, 'yata, ga zanen gini, ga rubutun ado, ga zayyana. Kin rasa abin yi ne?

Kawu na Samaru: Allah ya gafarta Malam, hadisin ba mai musunsa. Amma malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu muka tashi da su, sun bambance. Abin da suka haramta shi ne sura mai jiki, mai inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi, irin gunki. Zanen da ke shimfiɗe a takarda sun ajiye shi a karhanci, ba haramci ba. Na san akwai malaman da suka tsananta fiye da haka, kuma ina girmama su. Sai dai kada a nuna wa yarinya kamar babu saɓani.

Malam Mai Allo: Saɓanin na san da shi. Ni dai barin abin da ke da shubuha ya fi min kwanciyar rai.

Maman Khalifa: Ni abin da ke damuna daban ne. An ce a Turai tsirara ake tsayar da mutum. In abin zai kai can, ban yarda ba ko kusa.

Kawu na Samaru: Hajiya, su kansu sun sha rigima a kai. A 1886 an tilasta wa Thomas Eakins barin koyarwa a makarantar zane ta Filadelfiya a Amurka, saboda ya cire wa mai tsayuwar ɗan bantensa a ajin da akwai mata. A Landan kuma sai 1893 makarantar zane ta Royal Academy ta bar mata shiga irin wannan aji, shi ma da sharaɗin mutumin ya rufe wani sashe na jikinsa. Darasin ba ya buƙatar tsiraici. Wanda ya iya kallo, daga yadda riga ta sauko daga kafaɗa ta karye a gwiwar hannu zai gane ƙashin da ke ƙasa.

Kuma Baban Ummi, ka dubi 'yan Zariya. A 1958 ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane: Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo da sauransu. Sun ƙi yarda a mayar da su 'yan kwafar Turawa, Okeke ya koma wa zanen uli na Ibo, wato adon gargajiya da suke zanawa a jiki da bango. Amma dubi matan da Grillo ya zana cikin shuɗi, dogaye fiye da ƙima, kuma tsaye suke daram. Mutumin da bai san inda nauyin jiki yake sauka ba, ba zai ja shi haka ya tsaya ba.

Baban Ummi: Kawu, na ji wannan. Amma har yanzu ina ganin malamin ya yi tsauri da ya ce mai hoto bai yi aiki ba sam. Masu zanen littattafan yara da na sani, da hoto suke aiki.

Auta: Suna yi, bayan idonsu ya riga ya koshi da mutum. Yaya, ka zo ranar Asabar ka zauna min minti ashirin a zaure da babbar rigarka. Zan ɗauke ka hoto daga inda nake zaune, in zana ɗaya daga wayar, ɗaya ina kallonka. Sai ka turo su nan ba tare da ka faɗi wanne ne wanne ba.

Baban Ummi: Na yarda. Bayan la'asar, in Allah ya kai mu.