Jaime Lannister: maci amana ne, ko zaluntarsa aka yi?

Bashir: Assalamu alaikum 'yan gida. Ga magana na kawo, wanda bai yarda ba ya fito da hujja. A shirin talabijin na Game of Thrones, duk wanda ya kira Jaime Lannister maci amana don ya kashe Sarki Aerys ya zalunce shi. Ku koma zango na 3, inda yake cikin kwamin wanka a Harrenhal, an sare masa hannun dama, zazzaɓi na cinsa, yana ba jaruma Brienne labari. Aerys ya sa an binne tulunan wani koren ruwa mai tashi da wuta a ƙarƙashin babban birnin, King's Landing, har ƙarƙashin gidajen talakawa. Da rundunar Tywin, uban Jaime, ta shigo gari, sarkin ya ce a cinna kowa ya ƙone, ya kuma umarci Jaime ya kawo masa kan ubansa. Mutum rabin miliyan ke cikin garin. Ya kashe mai haɗa wutar, ya kashe sarkin, gari ya tsira. Sakayyarsa ita ce shekara 17 ana binsa da sunan mai kisan sarki.

Malam Tukur: Wa alaikumus salam. Bashir, ban musa labarin ba, amma dogari ne fa. Mutum bakwai kacal ake yafa wa farar alkyabbar nan, sun rantse ba aure ba gado, sai tsaron ran sarki. Sarki yana iya barci ne don ya san takobin da ke bayansa ba zai juyo kansa ba. Kuma ta baya ya soke shi, lokacin da ya juya zai gudu. Ranar da dogari ya ba kansa ikon zaɓen sarkin da ya cancanci rai, babu sarkin da zai ƙara runtsawa, mugu da na kirki duka.

Zulai: Allah ya gafarta Malam, kai ka fi mu sanin ba a yi wa abin halitta biyayya a saɓa wa Mahalicci. Su ma a can ba rantsuwa ɗaya ya yi ba. Kafin ya zama dogari ya rantse zai kare masu rauni. Shi da kansa ya faɗa wa Catelyn Stark a zango na 2, yana ɗaure cikin sarƙa: an ce ka kare sarki, ka bi ubanka, ka tsare marasa ƙarfi, to in sarkin ne ke karkashe bayin Allah fa? Duk wadda ya riƙe sai ya saki wata. Ya saki ta mutum ɗaya ya riƙe ta gari guda.

Malam Tukur: To Zulai, ina tausayin nan yake ranar da Aerys ya gasa Rickard Stark da ransa a tsakiyar fada, ɗansa Brandon ya shaƙe kansa yana ƙoƙarin cetonsa? Jaime yana tsaye a wurin. Shi ya gaya wa Ned, ɗan Rickard kuma mijin Catelyn, cewa mutum 500 suka tsaya suna kallo ba wanda ya ce uffan. Amsar Ned ita ce tawa: ya yi wa sarkin hidima lokacin da hidimar ba ta da haɗari. Imaninsa bai motsa ba sai ranar da ubansa ya riga ya ci gari. Wannan dacen ya yi yawa.

Bashir: Malam, yaro ne matashi a lokacin, shi kaɗai cikin fada cike da makamai. Da ya zare takobi ranar Rickard, gawa uku za a fitar maimakon biyu, tulunan wuta kuma suna nan.

Maman Hanif: Ni duk wannan bai dame ni ba. Tun kashi na farko ya tunkuɗo Bran ɗan Ned, yaro ɗan shekara 10, daga saman hasumiya don ya gan shi kwance da 'yar'uwarsa Cersei. Bran bai ƙara taka ƙafarsa ba. A gidan uban yaron yake baƙo, ya ci abincinsu. Daga baya ya kashe ɗan danginsu Alton a cikin keji don ya samu hanyar gudu, yaron da ke zaune yana ba shi labarin yadda yake sha'awar jarumtarsa. A Riverrun kuma ya ce wa Edmure, ƙanin Catelyn, zai harba jaririnsa cikin ganuwa. Mai ceton talakawa ke nan?

Bashir: Anti, ban ce waliyyi ne ba. Abin da ya yi wa Bran ba shi da kariya, ni ma ba na iya kallon wurin hankali kwance. Magana ɗaya nake yi, ta Aerys.

Auwalu: Yaya Bashir, in lissafin rayuka ne hujjarka, to ka wanke Walder Frey ma. Bayan kisan gillar da Frey ya yi wa Robb ɗan Ned da mutanensa a ɗaurin auren Edmure, abin da Tywin ya gaya wa ɗansa Tyrion ke nan: me ya sa kashe mutum dubu goma a fagen fama ya fi kashe goma sha biyu a kan abinci daraja? Tywin ma cewa yake ya tsayar da yaƙi. Kuma Robb ne ya fara karya alkawarin auren 'yar Frey ya auri Talisa.

Bashir: A'a Auwalu, kada ka haɗa su. Frey ya ba Robb gurasa da gishiri, alamar baƙo ya shiga amana, sannan ya sa aka rufe ƙofa, makaɗa suka ajiye kayan kiɗa suka ɗauko baka. Aka caccaka wa Talisa mai juna biyu wuƙa a ciki, aka yanka Catelyn, aka bi sojojin da ke shaye-shaye a waje. Ba goma sha biyu ba ne, dubbai ne. Kuma dubi abin da kowa ya tafi da shi. Frey ya huce haushinsa ya samu Riverrun, Roose Bolton ya samu sarautar Arewa. Jaime me ya samu? Ya zauna a kan karaga har Ned ya shigo, ya tashi ya bar ta. Mai cin amana don riba daban, wanda ya sayar da sunansa don wasu su rayu daban.

Auwalu: Na karɓi wannan. Ko da yake ramuwar da Arya 'yar Ned ta yi, da ta shayar da mazan gidan Frey guba gaba ɗaya, ita ma ban ga wanda ya tsaya tantance mai hannu da marar hannu ba, amma kowa tafi ya yi.

Zulai: Ku dakata, akwai abin da ya fi damuna, kuma ya sa na ɗan ja baya daga ɓangaren Yaya Bashir. Bayan ya kashe sarkin, tulunan nan ina suka tafi? Suna nan inda aka binne su. Jaime ya ci gaba da zama dogari a fadar sabon sarki Robert shekara da shekaru, ya san mutane suna kwana a kan wuta, bai sa an tono su ba. Daga Brienne sai ƙaninsa Tyrion muka ji ya gaya wa. A ƙarshen zango na 6 Cersei ta samu wadda ke ƙarƙashin babban wurin ibadar Baelor ta tayar da shi. Sarauniya Margaery, ɗan'uwanta Loras, ubansu Mace, har Kevan baffan Jaime, duk suka ƙone, da mutanen unguwar da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Sarki Tommen, ɗan Jaime da Cersei, ya faɗo ta taga. A zango na 8 ma, da Daenerys, 'yar Aerys, take ƙona garin, ana ganin koren harshen wuta yana tashi nan da can.

Bashir: Wa zai saurare shi? Ya ce Ned ya yanke masa hukunci tun kallon farko.

Zulai: Ai ba sai an saurare shi ba. Ya ja mutum ɗaya ya kai shi ramin ya nuna masa tulu. Girman kai ne ya hana, wai zaki, tambarin gidan Lannister, ba ya yi wa kyarkeci, tambarin gidan Stark, bayani. Ya gwammace a zage shi da ya tsaya ya kare kansa, mutanen garin kuma su suka biya.

Malam Tukur: Madalla da wannan. Ni ma da ya fito ranar ya ajiye takobi a gaban Ned ya ce ga abin da na yi, ga dalili, ga wuta a ƙasa, ku yi mini hukunci, da ban kira shi maci amana ba. Wanda larura ta sa ya karya rantsuwa yana kawo kansa ne a bincika.

Bashir: To Malam, Jon Snow da ya tashi a gidan Ned fa? Ya yi wa Daenerys mubaya'a, ya rungume ta, ya soka mata wuƙa a ƙirji. Kuma sai da garin ya zama toka, bayan an kaɗa ƙararrawar miƙa wuya ta ƙi tsayawa. Jaime ya tare wutar tun ba ta tashi ba, Jon ya zo bayan an gama. Tun 2019 da aka kammala shirin ban ji wanda ya kira Jon maci amana ba.

Malam Tukur: Ni na kira shi, kuma an hukunta shi, an kore shi zuwa babbar Katangar ƙanƙara ta Arewa. Jaime kuwa Robert ya yafe masa, ya bar masa alkyabbarsa, ya auri 'yar'uwarsa. Babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya tambaye shi dalili, shi ma bai nema ba.

Maman Hanif: Kuma matar da ta cinna wutar da ya kashe sarki don kada a cinna, wurinta ya koma. Ya dawo ya tarar da hayaƙi na tashi, ana naɗa ta sarauniya, ya ci gaba da ja mata runduna har Highgarden. Bashir, wannan ka ba ni amsarsa tukuna.