Ƙanina zai koma Texas daga New York, me zai canza masa?

Direban Bronx: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanina ya samu aiki a Houston da ke jihar Texas, amma takardunsa na zama ba su fito ba tukuna. Na ce masa ai biza da girin kad (katin zama na dindindin) duk a hannun gwamnatin tarayyar Amurka suke, babu jihar da ke bayarwa, don haka ya tafi kawai. Matata ta ce in tambayi waɗanda suka zauna a wasu jihohin. Ku faɗa mana abin da kuka gani.

Maman Yara, Houston: Wa alaikumus salam. Yaya, matarka ta fi ka gaskiya. Lasisin tuƙi na jiha ne. New York tun 2019 take ba mutum lasisi ba tare da duba matsayin zamansa ba, Texas kuwa sai ka nuna shaidar kana ƙasar bisa ƙa'ida. Ni wata biyar na yi maƙwabciya na kai ni aiki kafin takardata ta iso, kuma Houston ba garin da ake zama babu mota ba ne. Makarantar yara dai ba su tambaye mu komai ba. Kotun Ƙoli ta hana jihohi korar yara daga makaranta saboda takardu tun 1982, kuma daga Texas ɗin shari'ar ta taso.

Tsohon Phoenix: Ina Arizona a 2010 lokacin da suka kafa dokar SB 1070, ta matsa wa baƙi marasa takardun zama. Takarduna cikakku ne, amma ko shago zan shiga suna aljihuna. A 2012 Kotun Ƙoli ta soke sassa uku, ta ce sha'anin shige da fice na tarayya ne. Sai dai ta bar sashen da ya ba ɗan sanda damar bincikar matsayinka idan ya tsayar da kai bisa wani laifin. An taɓa tsayar da ni kan fitilar baya, na yi kusan awa guda a gefen titi ana ta buge-bugen waya. Ƙarshenta ko tara ba a ci ni ba.

Hajiya ta Oakland: Mu nan Kalifoniya dokar 2017 ta taƙaita haɗin kan 'yan sandan jiha da jami'an shige da fice. Amma kada a ruɗe ku, jihar ba ta iya hana jami'an tarayya shigowa su yi kamensu.

Tsohon Phoenix: Haka ne Hajiya. Kuma ya binciki gundumar da zai zauna. Wasu shugabannin 'yan sandan gunduma suna da yarjejeniyar aiki tare da jami'an shige da fice na tarayya, wadda ake kira 287(g), duk wanda ya kwana a hannunsu sai an duba takardunsa.

Direban Bronx: Allah ya saka da alheri. Na kira shi yanzu, ya ce zai ga lauya ranar Litinin kafin ya amsa wa masu aikin.