Ubuntu ba ta ganin faifan ajiya: yaya ake buɗe ɓoyayyun saitunan BIOS?

Ɗalibin Samaru:
Assalamu alaikum. Ina karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma aikin bincikena yana buƙatar Linux. Kwamfutata ƙirar Acer Aspire ce mai Windows 10, wadda wa'adin tallafinta ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. Na ɗora Ubuntu, wani nau'in Linux, a filasha ta tashi lafiya, amma da aka zo girkawa sai ta ce in kashe Intel RST tukuna, wato tsarin Intel na sarrafa faifan ajiya. Na danna F2 na shiga BIOS, wato saitunan kwamfuta na asali da ake shiga kafin Windows ta tashi, na duba ko'ina ban ga wurin canzawa ba, kuma Secure Boot, tsaron da ke hana manhajar da ba a amince da ita ba tayar da kwamfuta, shi ma ya ƙi taɓuwa. Wani mai gyara a unguwar PZ da ke Zariya ya ce zai ɗora mini BIOS da aka yi wa kwaskwarima domin dukkan saituna su fito. Shin in ba shi?

Injiniyan Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka ba shi tukuna, domin abin da kake nema yana nan, ɓoye shi kawai aka yi. A ƙirarrakin Acer da dama, idan ka tsaya a shafin Main ka danna Ctrl da S tare, layin SATA Mode, inda ake zaɓar yadda kwamfuta ke sarrafa faifan, zai bayyana, sai ka mayar da shi daga RST zuwa AHCI, tsarin da Ubuntu ke ganewa, ka danna F10 ka adana. Shi kuwa Secure Boot ba ya buɗewa sai ka sanya Supervisor Password a shafin Security. Ka rubuta kalmar sirrin a takarda, saboda cire ta bayan an manta aiki ne babba.

Malama daga Kongo:
Bayanin Injiniya daidai ne, sai dai akwai matakin da ya kamata ya riga shi. Windows ɗin da aka girka a ƙarƙashin RST ba ta loda direban AHCI yayin tashi, saboda haka idan ka canza kai tsaye za ta iya tsayawa da shuɗin allo mai cewa INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Idan kana son riƙe Windows da Ubuntu duka, ka fara umartar Windows ta tashi a Safe Mode, yanayin da take tashi da muhimman direbobi kawai, ta hanyar manhajar saiti ta msconfig, sannan ka shiga BIOS ka canza, ka bari ta tashi sau ɗaya a haka, daga nan ka cire umarnin. Haka kuma idan BitLocker, tsarin Windows na kulle bayanan faifai, yana aiki, ka nemo makullinsa mai lambobi 48 kafin ka taɓa komai, kuma ka kwafe babukan aikinka a wani wuri.

Tsohon ma'aikacin Sabon Gari:
Injiniya, a gafarce ni, ban ga dalilin kashe Secure Boot ba. Ubuntu tana tashi da shi a kunne, domin ƙaramar manhajar da ke tayar da ita, wato shim, tana ɗauke da sa hannun Microsoft. Batun BIOS mai kwaskwarima kuwa, ina adawa da shi gaba ɗaya. Idan fayil ɗin bai dace da allon kwamfutar ba, ko aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutawa alhali batirin ya yi rauni, na'urar ba za ta sake nuna komai ba, sai an buɗe ta an sake rubuta guntun da ke ɗauke da BIOS da na'ura ta musamman, kuma ba kowane shago ke da ita ba.

Ɗalibin Samaru:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na bi matakan Malama, layin SATA Mode ya fito, kuma Ubuntu ta ga faifan ba tare da na taɓa Secure Boot ba.