Digirin Kimiyyar Laburare: Ko Kwalliya Za Ta Biya Kuɗin Sabulu?

A wata tattaunawa kan ko digirin kimiyyar laburare yana mayar da kuɗin da aka kashe a kansa, tsofaffin ɗalibai sun fi karkata ga jami'ar gwamnati, kamar ABU Zariya ko Bayero ta Kano, domin albashin farkon aiki ba ya saurin mayar da kuɗin jami'a mai zaman kanta. Wanda rajista ta gagara, ya nemi lamunin NELFUND, asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai bashin karatu, ba shi da kuɗin ruwa.

An fi jan kunne a kan kwamfuta. Guraben aikin laburare kaɗan ne, amma asibitoci, bankuna da kotuna suna buƙatar mai iya tsara bayanai da adana su. Ni ma ina tare da tsofaffin ɗaliban: a koyi manhajar lissafi ta Excel da sarrafa rumbun bayanai tun aji biyu. Mai son laburaren jami'a kuwa, ya yi rajista da hukumar LRCN mai rajistar ƙwararrun ma'aikatan laburare a Najeriya, ya ɗaura ɗamarar digiri na biyu.