Takardun kotun shige da fice na Amurka, ina ake samo tsofaffi?

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum jama'a, don Allah wanda ya san kan abin ga ya taimaka. Yayana na Amurka, shina da girin kad yanzu ya kai lokacin neman zama ɗan ƙasa, to a fom ɗin N-400 akwai inda aka tambaya ko jami'an shige da fice sun taɓa tsare ka, shi kuma an tsare shi a 2009 da bizarshi ta ƙare, ya fito da beli daga baya alƙali ya rufe shari'ar. Kwafin takardun ya aiko gida tun lokacin, Inna ta sa su ƙasan akwatin ƙarfe, na buɗe na tarar gara ta cinye, sai hatimi kaɗai ake gani. Lauyan da ya yi mai aikin ma ya rufe ofis. Ina zai samo wasu? Ko ya rubuta a'a kawai tunda abin ya daɗe?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena kar ya kuskura ya rubuta a'a. Ranar da aka tsare shi an ɗauki zanen yatsunshi, jami'in da zai yi mai intabiyu fayil ɗin na gabanshi, kuma sai ya yi rantsuwa kafin a fara. Tsarewar ita kaɗai ba lallai ta hana shi ba, amma ƙarya kan rantsuwa tana hanawa.

Maman Iman:
Maigidana ya bi hanyar ga. Abu na farko lambar A, tana jikin girin kad ɗinshi, da ita ake binciko komai. Kotun shige da fice ƙarƙashin ma'aikatar shari'a take, ofishin da ake ce ma EOIR, can zai nemi kwafin fayil ɗin shari'ar ta dokar FOIA, wato dokar da ke ba mutum damar neman bayanai daga hukumomin gwamnati, abin da ya fi buƙata ciki shi ne hukuncin ƙarshe na alƙali mai nuna yadda aka ƙare. Sannan daban ya nemi babban fayil ɗinshi ta intanet wurin USCIS, hukumar da ke kula da girin kad da zama ɗan ƙasa, don hukumomi biyu ne kowa da nashi ma'aji, mutane da yawa nan suke ruɗewa su nemi guda su zauna jira. Doka ta ce su ba da amsa cikin kwanan aiki 20 amma ya sa ma ranshi watanni, ya nema tun kafin ya tura fom.

Ɗan Mabera:
Allah ya saka da alheri Hajiya. Ni zan iya nema mai daga nan Sakkwato? Aikinshi na dare ne ba ya samun sukuni.

Maman Iman:
Sai da izininshi a rubuce da sa hannunshi, na kotun akwai fom EOIR-59. Amma gaskiya ya yi da kanshi ya fi sauƙi.

Malam na Runjin Sambo:
Ƙari kan na Hajiya, kalmar "rufe shari'a" ɗin nan ita ta tsaya min a rai. Akwai wadda alƙali ke kashewa gaba ɗaya, akwai wadda ake jinginewa kawai tana nan da ranta, kuma in shari'ar kora na buɗe USCIS ba ta ba mutum ɗan ƙasa. In takardun sun iso ya kai ma lauyan shige da fice ya karanta tukuna. Ya nemi rahoton FBI na zanen yatsu shi ma, dala 18 ne, ya ga abin da su za su gani.