Cike kududdufi don gina shaguna da gidaje: kwalbati kaɗai ya isa?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Masu ginin nan na bakin titi sun kafa allo, shaguna a ƙasa gidaje a sama, ga masallaci ga asibiti ga wajen ajiye motoci, kuma kududdufin bayan makaranta yana cikin filinsu za su cike shi. Ni dai a ganina alheri ne tunda sun ce za su ja babbar kwata da kwalbati har titi, in an yi haka ruwa ba zai cutar da kowa ba.

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. Baban Khalifa kai gidanka a tudu yake shi ya sa. Mu da muke gangare duk ruwan layi uku ta ƙofarmu yake bi ya faɗa kududdufin nan, bara a watan Agusta da idona na ga ya cika har bakin katangar makaranta cikin dare ɗaya, to in babu shi wannan ruwan ina zai je in ba ɗakunanmu ba

Baban Khalifa: Hajiya ai shi ne amfanin kwatar. Kuma ki tuna sauron da yake addabarmu daga ina yake? Ga shara ga leda ga wari in zafi ya yi, yaranmu kullum muna fargabar kar wani ya faɗa. Wallahi ba don kuɗin kowa nake magana ba.

Injiniya: Ku bari in sa baki. Maganar sauro da yara gaskiya ce Yaya, ba wanda zai musa. Amma kwata ba ta shanye ruwa, ɗaukarsa take ta kai wa na gaba. Ga lissafi mai sauƙi, ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne cif. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, in aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 to lita 500,000 ta sauka a kanta, kusan tankar mai 15 kenan irin mai lita 33,000. Yanzu da filin yake ƙasa da ciyawa wani kaso yana nutsewa sauran ya gangara kududdufi a hankali, amma ranar da aka rufe shi da kwano da kankare da kwalta kusan dukkansa zai taho lokaci guda, kuma filin nasu ya fi hekta ɗaya nesa ba kusa ba.

Alhaji Mai Yadi: Injiniya ka taɓo min inda yake min ciwo. Daminar 2022 ina Kantin Kwari ruwa ya shiga shaguna, atamfa da shadda dila dila muka riƙa fitowa da su a jiƙe, kuma kowa a kasuwa ya san maganar da aka yi ta yi a lokacin ita ce gine-gine a kan hanyar ruwa. Kwata kuwa akwai ta, cika ta yi ta toshe.

Baban Khalifa: To Alhaji wannan rashin yashewa ne ai, ba laifin ginin ba. Kuma ku duba ɗaya ɓangaren mana, matanmu sai sun hau adaidaita har Sabon Gari ko Kwari don sayen abu kaɗan, in kasuwa da asibiti suna nan kusa a ƙafa za a je, hayaƙi ya ragu kuɗin mota ya ragu samarinmu su samu aiki. Wannan ma gyaran muhalli ne.

Injiniya: Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, haɗa gida da shago waje ɗaya tsari ne mai kyau ni ba na adawa da ginin. Cikewar nake ƙi. Kududdufan Kano fa asalinsu ramukan da kakanninmu suka haƙi ƙasar gini ne, sai suka zama ma'ajiyar ruwan damina, suna riƙe shi yana tsatsafowa ƙasa rijiyoyi suna samu. An cike da yawa a cikin birni an yi gini a kai, ku tambayi mutanen unguwannin yadda suke kwana in hadari ya haɗu. A Abuja ma rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe a watan Yunin 2023 ruwa ya mamaye gidaje sama da 100 har hukumar birnin ta ayyana wajen a matsayin yankin bala'i, kuma gidaje ne na zamani masu kwata.

Maman Ummi: Rijiyarmu ma tun da aka yawaita burtsatse a layin nan take ƙafewa tun watan Maris, da kuwa har damina ta zagayo muna ɗiba

Malam Liman: Allah ya saka da alheri, kowa ya faɗi gaskiyarsa. Injiniya ɗana, in ba a cike ba me za a yi da shi? Don barinsa haka da ƙazanta shi ma cutarwa ne ga makwabta.

Injiniya: Allah gafarta Malam a yashe shi a kwashe sharar, a ɗaure bakinsa da dutse, a zagaye da waya saboda yara, a yi masa mafita ƙarama yadda in ya cika zai riƙa sakin ruwan kaɗan kaɗan zuwa kwalbatin. Wajen ajiye motoci kuma a sa intalok a kan yashi kar a zuba siminti a ƙarƙashi, ruwa zai riƙa bi ta tsakani. A dasa darbejiya a zagaye don inuwa, sannan a nisanta sokawe daga burtsatse tunda mutane da yawa za su zauna a saman shagunan.

Baban Khalifa: Ƙanena wa zai tilasta musu? Filin kududdufin nan shaguna nawa zai ɗauka, kana ganin mai kuɗi zai bar shi don ruwa? Tsorona kar mu matsa su tattara su tafi wata unguwa mu koma gidan jiya da sauro.

Injiniya: Akwai doka Yaya, tun 1992 Najeriya take da dokar tantance tasirin manyan ayyuka ga muhalli, ana rubuta rahoto a baje shi jama'a su gani har kwanakin aiki 21 su kai ƙorafinsu. Kuma ba a gini a Kano sai da izinin KNUPDA, wato hukumar tsara birane ta jiha. Mu fara tambaya ko sun yi rahoton, mu ga zanen inda ruwan zai bi.

Baban Khalifa: Ni har yanzu ina ganin babban kwalbati zai iya, amma zanen kam zan so in gani da idona.

Malam Liman: To ranar Asabar bayan la'asar mu haɗu a ƙofar gidan Mai Unguwa, Injiniya ka zo da lissafinka a takarda, Hajiya ki turo hotunan cikar bara in suna wayarki.

Maman Ummi: Suna nan Malam, har da bidiyon da ruwan ya kai gwiwa a zaurenmu, yanzu zan turo